Wace anemoni ya kamata ka fara sakawa a tankin ruwan gishiri? Kwatancin iri shida da kulawar watan farko

Duk wanda ya haɗa tankin ruwan gishiri ya zuba kifin kilawun guda biyu, wato ƙaramin kifin ado na teku da ake kira clownfish da Turanci, abin da ke faɗo masa a rai daga nan shi ne anemoni, dabbar tekun nan mai kama da fure, mai yatsu masu harbi, wadda kifin yake kwanciya a cikinta ba ta taɓa lafiyarsa. A teku akwai irinta fiye da 1,000, amma goma kacal ne aka sani suna karɓar kifin kilawun. A cikin goman nan akwai wadda sabon shiga zai iya riƙewa, akwai kuma wadda ko a hannun ƙwararru takan narke cikin mako biyu. Yawancin asarar da ake tafkawa a watan farko tun ranar saye aka ƙulla ta, domin an bi launi ne ba a duba ko tankin zai iya ɗaukar dabbar ba.

Kifin kilawun ba ya bukatar anemoni kafin ya rayu a tanki. Yana girma, yana ƙwai, yana daɗewa ba tare da ita ba. Saboda haka babu abin da ya sa ka gaggawa.

Ma'aunan da za a bi

Na farko shi ne daɗewar tanki. Anemoni kusan duk jikinta ruwa ne, kuma ruwan tankin ne take zuƙa ta cika kanta da shi, don haka duk wani sauyi a ruwan kai tsaye yake shiga namanta. Sabon tanki, ko da gwaji ya nuna babu amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi da ruɓaɓɓen abinci, bai gama daidaituwa ba: gansakuka tana tashi tana faɗuwa, sinadarai suna hawa da sauka. Masu kiwo sun fi yarda da a bari tanki ya yi wata 6 aƙalla, ga iri masu wuya kuma shekara guda. Alƙaluman da ake so a riƙe su ne: gishiri 35 cikin 1,000, wato 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa; zafi digiri 25 zuwa 27; pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, 8.0 zuwa 8.3, alkalin, wato ƙarfin ruwan na hana pH sauyawa, 7 zuwa 9 a ma'aunin dKH, amoniya da nitirait sifili, nitiret tsakanin 2 da 10 ppm (kashi cikin miliyan), fosfet tsakanin 0.03 da 0.1 ppm. Kada a nemi nitiret da fosfet su zama sifili ƙat, ruwan da ya wanku haka yana sa anemoni ta koɗe. Tsayuwar alƙaluman wuri guda ta fi cika su daidai muhimmanci.

Na biyu haske. A cikin naman anemoni akwai ƙananan ƙwayoyin gansakuka da ake kira zooxanthellae. Su ne suke juya haske ya zama abinci, su ne kuma suke ba ta launin ƙasa-ƙasa. Idan sun fice sai ta yi fari, ta shiga yunwa. Ana auna hasken da ke amfanar su da ma'aunin PAR, a daidai wurin da dabbar za ta zauna, ba a saman ruwa ba. Fitilar da ta haska tanki a idon mutum tana iya kasa kai rabin abin da ake bukata.

Na uku wurin zama da motsin ruwa. Kowane iri yana da inda yake kafa ƙafarsa: wata tsagar dutse take so, wata yashi mai zurfi, wata ƙololuwar dutse inda ruwa ke bugawa. In ba ta samu ba sai ta shiga yawo, kuma yawo shi ne mafarin yawancin haɗurra.

Na huɗu asalinta. Akwai wadda aka ɓamɓaro daga teku, akwai wadda ta rabu daga uwarta a tankin wani. Wannan ma'aunin ya fi nauyi ga mai saye a Najeriya ko Nijar ko Gana, domin babu kifin kilawun a Tekun Atilantika, kuma anemonin da ke karɓarsa duk daga Tekun Indiya, Bahar Maliya da yammacin Tekun Fasifik suke. Wadda ka gani a shago a Legas ko Abuja a jirgi ta iso, bayan kwana ɗaya ko biyu a ƙulle cikin leda. Irin da ba ya jure tafiya kafin ya iso hannunka ya riga ya galabaita.

Sai haɗarin da take jawo wa sauran mazauna tanki, da farashi. Farashin dabbar kanta shi ne ƙaramin ɓangare na lissafin. Fitila, na'urar tace ruwa ta RO da gishirin teku na musamman sun fi ta cin kuɗi. Ruwan rijiyar burtsatse ko na famfo ba ya yi sai an tace, gishirin miya kuwa bai shiga maganar ba sam.

Na ƙarshe, wanda ya kamata mazaunin Kano ko Yamai ya sa a gaba, wuta da zafi. A watan Afrilu zafin garuruwan nan yakan haura digiri 40, ruwan tanki a ɗakin da babu na'urar sanyaya iska kuma yana iya wuce 30. Daga nan ne anemoni take fara zubar da gansakukarta. Fanka ƙarama da ke hura saman ruwa tana rage digiri biyu ko uku a busasshiyar iska, amma ruwa zai riƙa ƙafewa da sauri, gishirin kuma ba ya ƙafewa. Sai an ja layi a jikin gilashi ana cikawa kullum da ruwan RO mara gishiri. Da sanyin hunturu kuma hita ake bukata da dare. Idan aka ɗauke wuta iskar shaƙa ce ke fara ƙarewa cikin 'yan sa'o'i, don haka wanda ba shi da inbata ko sola da zai riƙe famfo ɗaya aƙalla, da ƙaramin injin iska mai batir, bai shirya wa kowace anemoni ba tukuna.

Entacmaea quadricolor, mai kumburin kan yatsu

Ita ce 'yan kasuwa ke rubutawa BTA, gajarcen sunanta na Turanci, bubble-tip anemone, kuma ita ce ma'aunin da ake gwada sauran da shi. Tana cusa ƙafarta can cikin tsagar dutse inda babu haske, ta miƙo faifan bakinta da yatsunta waje. A tanki takan kai faɗin santimita 20 zuwa 30. Lita 120 ya ishe ta farawa, da haske PAR 150 zuwa 300 da ruwa mai kaɗawa tsaka-tsaki, wanda zai sa yatsun su riƙa rangaji ba tare da sun kwanta gefe guda ba. Kumburin da ke kan yatsun yana zuwa yana tafiya. In ka ga sun miƙe sun zama siraru ba ciwo ba ne.

Babban abin da ya fifita ta shi ne tana rabuwa gida biyu da kanta, don haka ana samun wadda aka haifa a tanki, wadda ta saba da hasken fitila da ruwan haɗi, ba a kuma yaga mata ƙafa wajen cirowa daga dutsen teku ba. A kasuwannin waje koriya ita ce mafi araha, 'yan gomomin daloli; ja mai launin wardi ta ɗara ta; masu launuka da aka laƙaba wa sunaye na musamman kuwa suna kai ɗaruruwan daloli. Tsadar launi ce kawai, juriyarsu ɗaya.

A teku fiye da iri goma na kifin kilawun suna zama a cikinta, ciki har da Amphiprion frenatus da clarkii da jan nan mai ƙaya a kumatu, biaculeatus, wanda ita kaɗai yake shiga. Ocellaris, wanda ya fi yawa a shaguna, ba mazauninta ba ne a teku, amma a tanki yakan karɓe ta, wani cikin kwana biyu, wani bayan watanni, wani kuma ya ƙi har abada ya zaɓi kusurwar gilashi. Ba a tilasta shi.

Aibinta biyu ne. Tana yawo, musamman a makonnin farko, kuma duk murjanin da ta bi ta kansa, wato rayayyen coral da ake kiwo a tankin, sai ta ƙone shi da harbinta. Sannan rabuwar da ake yabonta da ita takan zama matsala: tanki mai kyau cikin shekara biyu yana iya cika da 'ya'yanta har su hana murjani wuri. Maganin shi ne a ware mata tsibirin dutse nata, wanda yashi ya raba shi da sauran duwatsu. Rabuwa ba kullum take nufin jin daɗi ba. Sauyin ruwa na farat ɗaya ma yana sa ta tsage.

Macrodactyla doreensis, mai dogayen yatsu

Yatsunta dogaye ne, wasu suna murɗewa, gangar jikinta ja-ja ko ruwan lemo daga ƙasa, da fararen ƙuraje a sama kusa da faifai. 'Yar yashi ce. Tana bukatar yashi mai laushi mai zurfin santimita 8 zuwa 10 da za ta binne jikinta, ƙafar ta manne da gilashin ƙasa ko dutsen da ke binne. A tankin da yashinsa santimita 2 ne ba za ta taɓa zama ba, sai dai ta yi ta mirgina ruwa yana wasa da ita har ta mutu. Dabarar da ake yi ita ce a tona rami har ƙasa kusa da dutse, a ajiye ƙafar a ciki, a kashe famfo, a mayar da yashi a hankali kewaye da gangar jikin ba tare da rufe faifan ba.

Farashinta tsaka-tsaki ne, amma kusan duk daga teku ake kawo ta, kuma masu tonowa sukan yaga ƙafar. Kafin ka biya kuɗi ka sa a juya maka ita ka ga ƙasan. Ƙaramin yagewa a ƙafa a wannan irin yakan zama ruɓewa. Idan ta kafu kuwa ba ta cika yawo ba, wannan ya sa ta fi Entacmaea sauƙin zama da murjani in an bar mata fili na santimita 40 zuwa 50. Clarkii da perideraion suna shigarta a teku.

Stichodactyla haddoni, mai shimfiɗa kamar darduma

Wannan ita ce mai ɗaukar ido: faifai mai faɗi mai lanƙwasassun gefe, lulluɓe da gajerun yatsu dubbai, kore ko shuɗi ko ja. Ja da shuɗi su ne masu tsada ƙwarai. Tana kai rabin mita ko fiye, saboda haka kada a sa ta a ƙasa da lita 300. Ita ma a yashi take binne jiki, kuma in an taɓa ta takan nutse cikinsa nan take. A cikin danginta ita ce mafi juriya. In ta iso da lafiya tana iya shekaru a wuri guda.

Matsalar ita ce tana cin kifi, kuma wannan ba abu ne da ke faruwa jefi-jefi ba. Yatsunta suna da danƙo da harbi mai ƙarfi, duk kifin da ya goge ta ba ya kuɓuta. Kifayen da ke zama a ƙasa su ne abincinta na farko, sai wanda ya firgita da dare ya faɗa kanta. Nan ne ɗauke wuta ya zama haɗari na biyu: fitila ta mutu farat ɗaya, kifi ya razana, da safe a tarar da ƙashi ta tofo. Ƙaramar fitilar dare mai batir tana rage wannan, ba ta kawar da shi. Mutum ma tana harbinsa, wasu fatarsu takan tashi ta yi borin jini, don haka ba a taɓa ta sai da safar hannu ta roba. In yatsun suka manne a fata, su ne suke tsinkewa su biyo hannun, dabbar ta samu rauni.

Wanda zai saya ya ɗauka tanki ne nata da kifin kilawun guda biyu, irin polymnus ko clarkii, sai abin da ba zai ji zafin rasawa ba. A kula kada a rikita ta da 'yar uwarta Stichodactyla gigantea, wadda yatsunta suka ɗan fi tsawo kuma suke karkarwa da kansu. Waccan tana cikin mafi wuyar riƙewa.

Heteractis crispa

Ba sai an daɗe a kanta ba. Lafiyayya ruwan ƙasa ce, da ɗigon shunayya a kan yatsu. Wadda ake yawan gani a shago fara fat ce, wato ta koɗe, ko kuma rawaya shar, wato rina ta aka yi. Tana da araha saboda haka, amma araha ba ta ado: farfaɗo da koɗaɗɗiya aikin watanni ne na ciyarwa da ƙara haske kaɗan-kaɗan, kuma da yawa ba sa kai labari. In an samu mai launinta na asali a tanki mai shekara, da haske PAR 250 zuwa 350, tana zama lafiya a mahaɗar dutse da yashi.

Heteractis magnifica

Ita ce gidan kifin kilawun irin ocellaris da percula na asali, shi ya sa take jan hankali. Ba ta ɓoye jikinta. Tana hawa ƙololuwar dutse mai santsi ta baje, gangar jikinta shunayya ko ja ko kore a fili. Tana son haske mai tsanani, PAR 300 zuwa sama, da ruwa mai bugawa ta ko'ina. Idan ɗaya daga cikin biyun ya gaza sai ta hau gilashi tana neman sama, ko ta saki ƙafa gaba ɗaya ta bi ruwa, abin da sauran ba su cika yi ba. Faɗinta yana wuce rabin mita, don haka anemonin da ta kai haka in ta shiga famfo duk tankin ne zai tafi.

Ba ta jure tafiya. Yadda ciwon yake zuwa sananne ne: ta iso da kyau, bayan kwana biyu ko uku ta fara sacewa da kumbura a kai a kai, kowane zagaye sacewar ta fi daɗewa, baki ya saki ya buɗe, sai narkewa. Ana danganta shi da ƙwayoyin bakteriya da suka samu dama lokacin da take cikin leda. Ƙwararrun masu kiwo suna ware ta a tankin jinya mara yashi da dutse, su zuba ciprofloxacin miligiram 250 a kowace lita 38 bayan an kashe fitila, domin haske yana lalata maganin, su sauya ruwan gaba ɗaya kullum, har kwana 7. Ba a zuba shi a babban tanki, zai taɓa bakteriyar da ke tace ruwa, kuma maganin mutane ne da bai kamata a riƙa wasa da shi ba. Wanda wannan bayanin ya yi wa yawa, amsar tambayarsa ke nan. Ga tsada, ga wutar da fitilarta da na'urar sanyaya ruwa za su sha.

Masana sun mayar da wannan irin da crispa da doreensis ƙarƙashin sunan Radianthus, amma a jerin kayan 'yan kasuwa tsofaffin sunayen ne suka fi yawa.

Phymanthus crucifer, furen dutse

Daga yankin Karibiyan take, ƙarama ce, santimita 5 zuwa 10 a tanki, da launuka masu walƙiya a ƙarƙashin shuɗin haske. Tana zama a lita 40, haske kaɗan ya ishe ta, tana cin duk abin da aka ba ta, kuma in ta kafa ƙafa a ramin dutse ko gefen yashi da wuya ta tashi. Ana iya jera biyar ko shida kusa da juna ba sa faɗa. A juriya ta fi duk na sama. Abu ɗaya ne ba za ta yi ba: kifin kilawun ba ya zama a cikinta. Ƙananan jatan lande irin Thor amboinensis su ne baƙinta.

| Iri | Ƙaramin tanki | Haske, PAR | Wurin zama | Farashi | Juriya | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Entacmaea | lita 120 | 150–300 | tsagar dutse | araha zuwa tsada, ya danganta da launi | mai kyau | yawo, ƙona murjani |
| Macrodactyla | lita 200 | 150–250 | yashi mai zurfi | tsaka-tsaki | tsaka-tsaki | yagaggiyar ƙafa |
| haddoni | lita 300 | 150–300 | yashi kusa da dutse | tsaka-tsaki zuwa tsada | mai kyau in ta kafu | cin kifi, harbin mutum |
| crispa | lita 250 | 250–350 | mahaɗar dutse da yashi | araha | rauni in ta koɗe | koɗewa da rini |
| magnifica | lita 400 | 300 zuwa sama | saman dutse | tsada | rauni | ciwon tafiya, shiga famfo |
| Phymanthus | lita 40 | 80–150 | ramin dutse | araha | mafi kyau | ba ta karɓar kifin kilawun |

Alƙaluman lita da haske abin da masu kiwo suka saba aiki da shi ne, dabba ɗaya tana iya ɗan kaucewa.

Game da tsawon rai, anemoni ba ta da gajeren kwana. Wata 'yar ruwan sanyi, Actinia equina, da Sir John Dalyell ya ɗauko a gaɓar tekun Sukotilan a 1828, a cikin kwalba ta rayu har 1887. Wadda ta mutu a tanki bayan wata uku ba tsufa ne ya kashe ta ba.

Ranar sakawa da watan farko

A shago ka duba abu huɗu: ƙafa a manne kuma ba yagewa, baki a rufe tsam, launi mai duhu ba fari ba, yatsu suna kama abin da ya taɓa su. In tana manne da dutse, ka sayi dutsen tare da ita. Hakan ya fi a ɓamɓare ta.

Kafin ta iso gida ka rufe bakin kowane famfon kaɗa ruwa da soso ko raga, haka ma magudanar da ke kai ruwa tankin tacewa da ke ƙasan babban tanki, ka kuma sa wa hita kariya ko ka mayar da ita ƙasa. Ka riƙa wanke soson duk bayan 'yan kwanaki, in ya toshe ruwa zai daina gudu. Lokacin da wuta ta dawo shi ne mafi haɗari, domin a sa'o'in da ruwa ya tsaya anemoni takan tashi neman iska, har ta hau kan famfon da ya yi shiru.

A ɗora ledar a kan ruwan tanki minti 15 zuwa 20 zafi ya daidaita. A juye cikin bokiti mai tsabta, a ɗaura ƙulli a siririn tiyo na iska a riƙa ɗigo ruwan tanki, ɗigo 2 zuwa 4 a daƙiƙa, na minti 45 zuwa sa'a guda, har gishirin bokiti ya zo daidai da na tanki. Idan ta kwana a hanya a gajarta zuwa minti 20 ko 30, saboda da zarar an buɗe leda iska ta shiga, pH yana tashi, amoniyar da ta taru ta koma guba. Ba a zuba ruwan leda a tanki. Ba a tsoma anemoni a ruwan da babu gishiri, ko a maganin wanke murjani. Tankin da aka taɓa zuba wa maganin kifi mai jan ƙarfe kuma bai dace da ita ba.

A kashe famfo, a ajiye ta inda ya dace da irinta, a riƙe ta a hankali ko a kife ƙaramin kwando mai huji a kanta. Cikin minti 30 zuwa sa'a guda ƙafar takan kama. Sai a kunna famfo a mafi ƙarancin ƙarfi. Fitila a fara da kusan rabin ƙarfinta, a riƙa ƙarawa kaɗan duk bayan kwana uku ko huɗu har mako uku. Haske mai yawa a rana ta farko yana koɗar da ita kamar yadda ƙarancinsa ke yi.

In ta tashi daga inda ka ajiye ta ta shige bayan dutse, ka ƙyale ta. Ka matsar da murjanin da ke kan hanyarta, ita kada ka taɓa ta. Entacmaea takan ɓuya kwana uku ko mako guda sannan ta fito da kanta. In dole ne a cire ta, a shafa ƙanƙarar da aka ƙulla a leda a gefen ƙafar, ko a juya famfo ya riƙa hura wurin, a bi da tafin yatsa a hankali. Fizga tana yaga ƙafa.

Kada a ba ta abinci a kwana 5 zuwa 7 na farko. Narkar da abinci aiki ne, ita kuma tana fama da sabon ruwa. Bayan haka a ba ta ɗanyen jatan lande na teku ko naman kifin teku, a narkar da ƙanƙararsa cikin ruwan tanki, a yanka bai wuce rabin santimita ba, sau ɗaya ko biyu a mako. Busasshe ko ƙyafaffe na kasuwa ba ya yi. A ajiye a kan yatsu da hantsaki, kada a cusa a baki. Lafiyayya za ta naɗe yatsun, faifan ya lanƙwaso, loma ta shige cikin 'yan mintoci. Babbar loma da dare take dawowa waje, farar dunƙule mai yauƙi, ta ɓata ruwa. In akwai jatan lande masu shara a tankin, a fara ba su nasu, in ba haka ba daga bakinta za su zare abincin.

Sacewa ita ce abin da ya fi tsorata sabon mai kiwo. Anemoni takan sace gaba ɗaya ta zama tamkar tsumma, ta fitar da wani zare mai ruwan ƙasa ta baki, bayan sa'a biyu ko uku ta cika ta koma yadda take. Bayan gida ne da sauya ruwan jiki. Alamun mutuwa daban suke: sacewar ta wuce kwana guda, baki ya wage har fararen zaren ciki sun fito, ƙafa ta saki, nama yana tsinkewa in ruwa ya kaɗa shi. Hanci ne ke yanke hukunci. A sa ta a kofi a ƙarƙashin ruwa a ɗago. Mai rai ƙamshin teku take yi, matacciya kuwa ɗoyinta ba ya ɓuya. A fitar da ita nan take, a zuƙe ragowar da tiyo, a sauya kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na ruwa, a sa sabon gawayin tace ruwa, a gwada amoniya na kwana uku. Saboda irin wannan ranar ake ajiye jarkar ruwan gishiri haɗaɗɗe a gefe.

Babban kifin kilawun yana iya wahalar da ƙaramar anemoni da goge-goge har ta ƙi buɗewa. Ana so faɗinta ya ninka tsawon kifin sau biyu ko uku. In bai kai ba, a kife mata kwando na mako biyu.

Wacce ta dace da wa

Mai tankin lita 40 zuwa 100, ko wanda tankinsa bai daɗe da cika wata 6 ba, ko wanda wutarsa ba ta da tabbas sai ƙaramin batir, Phymanthus ce tasa. Mai son ya ga kifin kilawun a kwance cikin yatsu, tankinsa ya haura lita 120 kuma yana iya riƙe zafi ƙasa da digiri 28, ya nemi koriyar Entacmaea wadda ta rabu a tankin wani, ko da zai jira watanni kafin ya samu. Wanda tankinsa cike yake da murjani masu tsada a kan duwatsu, ga fili na yashi mai zurfi a gaba, Macrodactyla mai lafiyayyar ƙafa ta fi masa kwanciyar hankali. Haddoni ta wanda ya yarda ya gina tanki dominta ne, ya haƙura da kifayen ƙasa. Crispa sai in an ganta da launinta na ƙasa-ƙasa tana cin abinci a shago. Magnifica kuwa ta wanda ya riga ya riƙe Entacmaea shekara biyu lafiya ce, yana da tankin jinya a shirye, da na'urar sanyaya ruwa, da wutar da ba ta yankewa.